Bebiyar Illiyasu

Idan kai Bahaushe ne mazaunin Alƙahira, kuma da alama a nan za ka mutu, to ka nemi lambar wayar Illiyasu tun da sauran numfashinka. Ni tana wayata shekara da shekaru, sai dai ban kira shi don wannan hidimar ba tukuna. Sunana Jibrin, Bakano ne ni, ina sayar da littattafai a Darrasa, bayan masallacin Azhar. Shi kuwa Illiyasu Badamagare ne, wato abokin wasana, mutumin da kakanni suka ba ni izinin zagi kyauta har abada.

Tare muka zo karatu. Ni nahawu ne ya kore ni, shi kuma aure. Yana aji biyu ya je gida ya auro Rahamatu, da aka haifi Ubaida ya rufe littafi ya kama sitiyari. Shekara goma sha bakwai yana tuƙa ma'aikatan jakadanci a Zamalek. Ta ƙarshe da ya yi wa aiki, Madam Naomi, ita ta shigo da motar. Ƙaramar bas ce ta iyali, mai aiki da lantarki, amma an ƙera ta da siffar tsofaffin bas ɗin da iyayenmu suka sani: fuska a shafe, idanu manya, sama ruwan madara, ƙasa ruwan lemun tsami. Ba ta shan mai, ba ta tari, ba ta cewa uffan. Ranar da na fara ganinta na ce, "Badamagare, ina ka samo bebiya?" Sunan ya bi ta.

Da aka yi wa Madam canjin wurin aiki, ta bar masa ita. Shekara guda cur ya yi yana zarya daga wannan ofis zuwa wancan kafin a rubuta sunansa a takardar motar. Ranar da ya samu, har shagona ya zo ya shimfiɗa takardar a kan tafsirai.

"Karanta, Bakano. Sunan wa ka gani?"

"Na ga sunan mutumin da bai gama aji uku ba."

"Amma yana da mota. Kai me kake da shi ban da baki?"

Zama da Bebiya a Arba wa Nus, unguwar da Illiyasu yake zaune, ba irin na Zamalek ba ne. Can akwai gareji da wurin caji a bango. Nan kuwa hawa na uku yake, a lungun da akuya ma sai ta karkace take wucewa. Bakri, maƙwabcinsa ɗan Sudan mai gyaran wuta, shi ya haɗa masa doguwar waya baƙa mai kaurin yatsa. A soket ɗin falo ake jona ta, domin shi kaɗai ne a gidan ke iya ɗaukar nauyin, ta ratsa tsakar falon, ta fita baranda, ta sauko ta jikin bango har ƙasa. Wutar gida kuwa ɗigo-ɗigo take ba ta, kamar ana shayar da maras lafiya da cokali. Awa guda a jone, tafiyar kilomita goma. In an ɗauke wuta, ba komai. Rahamatu ta saba tsallake wayar da tire a hannu ba tare da ta duba ƙasa ba. 'Ya'yan ma da tsallake ta suka girma.

Shekarar farko ta daɗi ce. Duk Juma'a bayan masallaci ya kwashe su zuwa bakin Nilu, Rahamatu a gaba da kwanon dambu a cinya, yara uku a baya suna faɗa kan taga. Da yake motar ba ta da murya, mutane ba sa kaucewa, sai ya leƙo da kai yana salati da ƙarfi har a ba shi hanya. Yaran unguwa suka haddace salatin, suna bin motar da shi.

Sai wani ɗalibi ɗan Maraɗi ya rasu a ɗakinsa a Darrasa. Motocin ɗaukar gawa na gari suka ji inda za mu, suka fara ja da baya. Abin da ya sa kuwa shi ne wannan. Kabarin Misirawa ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, da matakala. A buɗe, a shiga da mamaci, a kwantar da shi kusa da waɗanda suka riga shi, a rufe sai wani ya sake mutuwa. Mutanenmu ba su taɓa sabawa da wannan ba. Shi ya sa ƙungiyarmu ta Hausawan Alƙahira ta samu wani ɗan fili can a hanyar Fayum, cikin rairayi, inda ake tona wa kowa nasa kamar a gida. Daga Arba wa Nus kilomita sittin ne, kuma mai gadin wurin da magariba yake rufe ƙofa ya hau babur ɗinsa.

Rahamatu ce ta ce masa ya kwantar da kujerun baya. "Ɗan mutane ne," ta ce. "Uwarsa na can tana jiran a ce mata an rufe shi." Makara ta shiga daram, kamar don ita aka auna motar.

Daga nan shi ke nan. Ɗalibai, 'yan kasuwa, tsofaffin da suka zo asibiti neman lafiya aka ba su wata amsar, jarirai a cikin zane. Arba'in da ɗaya ya kai a shekara uku, kuma bai taɓa cewa ba ni da lokaci ba. Bayan kowace tafiya Rahamatu ta sauko da bokiti ta wanke bayan motar, ta turara ta da turaren wuta. Yara suka daina faɗa kan taga, suka koma faɗa kan wanda zai zauna nesa da baya. Fita bakin Nilu ta ragu, ta ragu, har ta tsaya. Ni ma na rage shiga. Na ce masa ba na son Bebiya ta saba da nauyina.

Bara ƙodar Rahamatu ta gaza. Sau uku a mako yana kai ta wankin ƙoda, asibitin kuma a wancan gefen gari. Wata rana na je dubiya, na tarar da ita a kwance a falo kusa da wayar nan, ta rame har zobenta na yawo a yatsa. Ta taɓa raka wata maƙwabciya Bamisiriya ziyarar maƙabarta, ta ga ɗakin nan da idonta, kuma bai fita ranta ba.

"Malam Jibrin, zauna ka zama shaida, ko da yake shaidar Bakano ce."

"Hajiya, ko a kotu ana karɓar tamu in an rasa mutanen kirki."

Ta yi dariya har ta yi tari. Sannan ta dubi mijinta. "Abban Ubaida, abu biyu. Kada a sa ni a ɗakin nan nasu. Kuma kai za ka kai ni da kanka, ka sa ni da hannunka. Na wanke wa mutane motar nan sau arba'in, ni ma ina da tafiya ɗaya a cikinta."

Ya ce, "In Allah ya so."

"Ban ce ka yi mini wa'azi ba. Ka ce to."

Ya ce to.

Ta rasu a watan Agusta, ranar Talata, bayan sallar asuba. Makon nan duka a hanyar asibiti ya ƙare, batirin ya kusa ƙasa. Illiyasu mutum ne mai tsari. Kafin ya kira kowa, kafin ya yi kuka, ya sauka ya jona Bebiya. Ya lissafa daga shida na safe zuwa la'asar za ta sha abin da zai kai ta hanyar Fayum har da ragowa. Sannan ya zauna a kan tabarma ya fara karɓar gaisuwa.

Kun san yadda muke. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya ɗaga ko tsinke. Ba a tambayarsa ina wuƙa, ba a tambayarsa ina sukari, komai a ɗauke masa. Wasu suka tafi neman takardar izinin binnewa, wasu ofishin jakadanci, mata suka cika ɗaki da kicin. Ni, da yake na fi kowa sanin gidan, na naɗa kaina sarkin hidima. Wajen ƙarfe takwas falo ya cika. Malam Rilwanu, limaminmu, dattijo mai shekara saba'in, ya shigo wayar ta harɗe masa ƙafa, da ƙyar aka tare shi. A daidai lokacin wata ta leƙo daga kicin tana neman inda za a jona babbar tukunyar ruwan shayi, don duk soket ɗin da suka gwada sai wuta ta yanke.

Na duƙa na zare wayar. Na naɗe ta tsaf, na tura bayan labulen baranda, na jona tukunya. A raina na ce rabin awa, ruwa ya tafasa in mayar. Illiyasu na zaune taku huɗu daga inda nake, kansa a sunkuye. Na dube shi na ce wannan ba lokacin damunsa da maganar waya ba ne. Ruwa ya tafasa, aka juye, aka sake cikawa. Ni kuma aka aike ni neman likkafani.

Takarda ba ta fito ba sai bayan azahar. Aka yi wa Rahamatu salla bayan la'asar, aka shigar da makara. Illiyasu ya zauna a mazauninsa, ni a gefensa, a kujerar Rahamatu. Ya taɓa maɓalli, gaban motar ya kawo haske. Na ga ya tsaya yana kallon lambar da ke nuna tafiyar da ta rage a batir. Kilomita hamsin da biyu ta ce. Sai a lokacin na tuna da labulen baranda.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Malam, wutar ba ta isa sosai ba. Da za a jira awa ɗaya…"

Malam Rilwanu ya riga ya zauna a baya, kusa da makara. "Illiyasu, gawa ba ta jira. Tun asuba take, ga zafin nan. Yalla, mu tafi, Allah zai kai mu."

Wurin caji mai sauri da ke kan hanyarmu a cikin wani babban kanti yake, kuma masu gadin can sun taɓa korarsa da suka leƙa suka ga makara. Ga dattawa shida sun cusa kansu a motar, kowa na son ladan rakiya, ba wanda zai iya cewa su sauka. Sauran jama'a suka cika wata bas ta haya a bayanmu. Illiyasu ya kashe na'urar sanyi don ya rage shan wuta, ya sauke gilasai, muka hau Da'iri, babban titin da ya zagaye gari.

Ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba a rayuwata. Cunkoso ya kama mu, lambar tana sauka ko muna tafiya ko muna rarrafe. Talatin. Goma sha tara. Warin kafur ya cika motar, sannan wani abin da ba kafur ba ya fara bin bayansa. A kan gadar Munib, tsakiyar Nilu, Bebiya ta fara ja da ƙafa. Ya lallaɓa ta zuwa gefe, ta tsaya. Ko a nan ba ta ce uffan ba.

Muka fito mu tura, ƙafafunta sun ƙulle. Hon ya tashi ta ko'ina. Wani ɗan sandan hanya ya iso yana ɗaga hannu, da ya ga makara ya sassauta murya ya yi mana ta'aziyya. Ya yarda a mayar da gawar bas ɗin haya. Amma motar ba za a bar ta a kan gada ba mai ita ba ya nan.

Na ce, "Ya basha, ranka ya daɗe, ni zan tsaya. Matarsa ce."

Ya karɓi takardar motar ya duba. "Kai ne Illiyasu?"

"A'a."

"To ma'alish, sai haƙuri. Wanda sunansa ke nan shi zai jira janwe, shi zai sa hannu. Khalas, magana ta ƙare."

Illiyasu ya roƙe shi da Larabcin Azhar, ya roƙe shi da na kasuwa. Rana ta riga ta yi ja a bayan gine-gine. Malam Rilwanu ya dafa kafaɗarsa ya ce in aka ƙara minti goma mai gadi zai rufe, kuma abin da ya rage shi ne ɗakin sadaka na Misirawa da safe. Illiyasu ya kama gaban makara da kansa, aka zura ta a bas ɗin a kan cinyoyin mutane.

Ya riƙe hannuna. "Jibrin, je ka. Ka shiga ramin a madadina. Ka kuma riƙe mini wurin, kada ka ɓata."

Na shiga. Ni na karɓe ta, ni na kwantar da ita a kan damanta, mai gadi yana kaɗa makullai a bakin ƙofa. Mu ba ma rubuta suna a kabari. Na ƙirga taku daga ƙofa, na kafa gutsuren bulo a wajen kai.

Bayan kwana uku muka koma, mu biyu, a Bebiya. Na nuna masa. Ya durƙusa ya daɗe. Da ya miƙe na ce, "Illiyasu, ni na zare wayar."

Ya karkaɗe rairayi daga gwiwarsa. "Na sani. Na gan ka lokacin da ka duƙa."

"Ka gan ni? Me ya hana ka magana?"

"Malam Rilwanu na yi mini addu'a, hannuna a sama. Na ce in ya shafa zan faɗa maka. Yana shafawa wani ya ɗauka." Ya kalli tudun. "Ɗaya dai ta samu a cikin biyun."

Har yanzu yana da motar. Ya kai mutum huɗu tun daga lokacin. Ubaida ce ke wanke bayan yanzu, ba ta kuma sa turare. Duk ranar da aka kira shi an yi rasuwa, ya jona wayar, ya jawo kujera ya zauna a gaban soket ɗin, ƙafarsa ɗaya a kan wayar. Ba ya zuwa gaisuwa, ba ya zuwa wanka, sai lokacin tashi ya yi. Mutane na cewa ya canza. Ni nakan je in zauna tare da shi, in zage shi da Damagaram kamar da. Wani lokaci ya rama. Amma ko ruwa zan sha a gidan, sai ya ce in zauna, shi zai kawo.