Rimot mai ƙanshin miya

Sanarwa ta musamman ga jama'ar Barnawa da kewaye: rimot ɗin gidanmu ya farfaɗo! A taya mu murna.

Jiya ya fara gardama, sai na buɗe shi in goge. A bayan kowane maɓalli na tarar da baƙin ɗigo a jikin robar. Na ce dauɗa ce, na sa reza na kankare tas. Ina rufewa rimot ya mutu murus. Ga talabijin ta maƙale a tashar Indiya ta uwargidana Hajiya, ga maƙwabcina Oga Emeka na tafe kallon ƙwallo bayan la'asar.

Na kira 'yata Zainab da ke karatun injiniya, na faɗa mata abin da na yi.

"Baba, ai baƙin nan shi ke ɗaukar wuta! Roba ce ta musamman, masana'antu sayenta suke yi, har a motoci ana sa ta."

"Ke! Tun kafin a haife ki na karanta cewa roba ba ta ɗaukar lantarki."

"To Baba, littafin ya tsufa. Ka manna takardar magi mai sheƙi a gurbin."

Hajiya ta miƙo takardar daga kicin, tana dariya har da hawaye. Na manna, na danna, sai ga ƙwallo! Oga Emeka ya shigo ya iske ni ina tiƙar rawa a falo, rimot na ƙanshin miya.

Na yarda, ni na yi kuskure: ashe akwai robar da wuta ke bi. Ku fa, me kuka taɓa gyarawa har ya mutu?