Gwiwar Mbarka

Na fi shekara talatin ina tsaye kusa da Mbarka a tebur ɗaya, a masana'antar kifin gwangwani ta bakin teku a Asfi, a ƙasar Maroko, ita a dama ni a hagu, muna datse kawunan kifi da almakashi muna jera su. Saboda haka in ana zancenta, kowa ya ja bakinsa ya bar ni. Ni ƙwallo ba ta taɓa burge ni ba, har gobe ban ga abin da zai sa manya da hankalinsu su yi ta bin fata a guje ba. Amma ranar da wata ta buɗe baki a gidan wanka ta ce wai Mbarka ƙarya take, ba ta taɓa sa rigar ƙungiyar ƙwallo ta ƙasa ba, da bokiti na bi ta har ƙofa.

Mbarka doguwa ce, ga tafin hannu kamar faranti. Idan gwangwani ya zame daga tebur, ba ya kai ƙasa, tana hira za ta cafe shi ba tare da ta duba ba. Tun tana yarinya yayyenta maza suke tsayar da ita tsakanin duwatsu biyu a kan rairayin teku, don gola ce gurbin da ba wanda yake so. Suka yi ta dirka mata ƙwallo har suka gaji, ita ba ta gaji ba. Da wata malamar motsa jiki ta haɗa ƙungiyar 'yan mata a garinmu, ita aka fara nema. A ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da Maroko ke tattara matan da za su fara buga mata ƙwallo, wani mutum mai usur a wuya ya zo ya gan ta, ya ce ta zo sansanin horo a Rabat.

To, mu nan ko Marrakesh mutum zai je sayen takalmi, sai ya durƙusa gaban uwarsa ta ɗora masa hannu a ka, ta ce ta yarda, Allah ya yarda da shi. Uwar Mbarka kuwa, Lalla Rkiya, mace ce da ko ɗan sanda ya hango fuskarta sai ya gyara hula. Ta taɓa kama ƙwallon Mbarka ta soke ta da wuƙar kifi a gaban yaran unguwa. Mbarka ta auna, ta ga in ta durƙusa aka ce a'a, magana ta ƙare. Da jiniyar masana'anta ta yi ƙara wata safiya, alamar jirage sun shigo da kifi, duk muka yi dama da gudu, ita ta yi hagu ta nufi tasha.

Ta sa rigar ƙasa, wannan ni shaida ce, don daga baya na riƙe rigar da hannuna. Tsohuwar rigar maza ce, Mbarka da duk tsawonta tana yawo a ciki, kuma 'yan wasan su suke wanke abinsu a famfo bayan horo. Ta tsaya a raga a wasannin gwaji, ta kira shagon kan kwana na unguwarmu tana ihu a waya cewa ba a ci ta ba. Ana dab da tafiya gasar kofin Afirka a Najeriya, ta yi tsalle ta cafe wata ƙwallo, ta diro a kan ƙasa mai tauri, gwiwar hagu ta tashi daga aiki.

Da sanduna ta dawo. Lalla Rkiya ta buɗe ƙofa, ta dubi gwiwar, ta juya ta ɗora butar shayi. Wata da watanni tana shafa mata man zaitun tana ɗaure ƙafar, amma zancen Rabat ko kalma ɗaya bai fito daga bakinta ba. Unguwa ta yanke hukunci nan take: fushin uwa ne ya bi ta har fili. Ni kaina na yarda da haka, kuma wadda ta fi kowa yarda ita ce Mbarka.

Sauran suka tafi babu ita, 'yan Najeriya suka zura musu takwas. Maza a gidan shayi suka samu abin dariya. Wani mai kamun kifi ya tare ta a hanya tana ɗingishi.

"Gola! Ashe Allah ya rufa miki asiri da kika karye. Takwas fa!"

Ta ce, "Da ina wurin da shida za a ci. Kai kuma da an sa ka, da har yanzu ana ƙirgawa."

Ba wanda ya tuna cewa a gasar nan ɗin 'yan matanmu sun doke Masar, sai ita. Tarihin ƙungiyar nan a kanta yake zaune. Ta san shekarun da aka daina jin ɗuriyarsu kwata-kwata, ta san wasannin da ko rediyo bai kula ba, kuma a kunnena na hagu da na dama ta juye su duka, ina datse kifi ina cewa to. Ta koma tebur, ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, Wi'am, mijin ya rasu yarinyar tana ƙarama. Gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba, a kan kujera take sallah.

Shekarar da aka yi gasar Afirka a ƙasarmu, abin da ban taɓa zato ba ya faru. Filin Rabat ya cika maƙil don mata, har da masu neman tikiti a waje. Ranar da muka haɗu da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe, mai gidan shayin unguwarmu ya fito da talabijin bakin titi. Mbarka ta zo ta tsaya can baya inda mata ke tsayawa, sai mazan nan, har da masu dariyar da, suka dare gida biyu, aka ajiye mata kujera a sahun gaba. Da aka kai ga bugun fenareti ta manta da kujerar, tana tsaye a ƙafa ɗaya tana yi wa golar cikin talabijin tsawa kamar tana jin ta. Muka ci. Na yi guɗa har muryata ta dushe, ni da ban san dokar wasan ba. Shekara ta zagayo suka je kofin duniya, suka tsallake zagayen farko, kuma duk wanda ya gamu da Mbarka a kasuwa ita yake yi wa barka. Na yi alfahari da ita kamar ni na haife ta.

Wi'am ta tashi da ƙwallo a ƙafa, mai tsaron baya ce mai taurin kai. Uwar ta bar ta tana buga wa ƙungiyar gari, don a cewarta a nan idonta yana kan gwiwar. Sai ga kira daga Rabat, ana neman yarinyar a sansanin 'yan ƙasa da shekara ashirin, ta isa ranar Litinin ko a ba wata gurbin. Ina gidan lokacin da ta durƙusa. Mbarka tana kwaɓa fulawa, hannuwanta biyu a cikin akushi.

"Mmi, an kira ni. Ki sa mini albarka."

"Ki tafi mana. Na riƙe miki ƙafa ne?"

"Mmi, ba haka ake cewa ba."

"Ba ki ga hannuna da ƙullu ba?"

Yarinyar ta jira, ƙullun ya ƙi ƙarewa. Ta miƙe ta dube ni, da yake Halti take kira na, wato inna, ta ce, "Halti Batul, wallahi in ba ta faɗa ba, ba inda za ni. Ni na girma ina kallon gwiwar nan."

Washegari a tebur na sa Mbarka gaba. Na ce, "Ke ba ki jin kunya? Kin cika mana kunne da tarihin ƙungiya, yau ƙungiyar ta ƙwanƙwasa ƙofarki kin ɓuya a cikin fulawa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Batul, in na faɗa za ta tafi. In na yi shiru za ta zauna da gwiwoyinta biyu. Ban tsine mata ba, ban hana ta ba, shiru kawai na yi."

"Wannan shirun ya fi duka ciwo."

"Ke 'ya'yanki duk tela ne da direba, me kika sani?"

Na yi fushi ƙwarai, amma da na dubi fuskarta, sai tausayinta ya kama ni. Tsoro ne zalla. Ita ɗaya gare ta.

Ranar Juma'a a gidan Lalla Rkiya suke cin kuskus, ni kuma na gayyaci kaina. Tsohuwar ta kusa casa'in, ido ya tafi, amma kunne da baki suna nan daram. Muna zagaye da akushi, ta karkata kai.

"Ban ji hannun Wi'am a kwanon nan ba. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Mmi Lalla. Rabat aka kira ni, ƙwallo. Na durƙusa, Mmi ta ƙi faɗa."

Tsohuwar ta ajiye loma. "Kin durƙusa? To ke kin fi uwarki tarbiyya. Ita ko durƙuson ba ta yi ba, ta bi jiniya ta sulale kamar ɓarauniyar kaza."

Mbarka ta ce, "Mmi, bar tone-tone. Da na durƙusa ma ai hana ni za ki yi."

"Wa ya gaya miki?"

Mbarka ta ɗago ta dubi uwarta. Ni kuma na janye hannuna daga akushi.

"Na ce wa ya gaya miki? Mai shagon kan kwana ya ba ni labari tun kafin ki gama ɓoye jakarki a bayan tulu. Na dafa miki ƙwai, na toya gurasa, na ƙulle a tsumma. Kullum in zauna a nan ina jira ki shigo ki sa gwiwa a ƙasa. Kaji suka cinye gurasar."

"Ƙwallon da kika soke da wuƙa fa?"

"Ta fasa mini tukunyar da na gada a wurin uwata! Da ke ce ba za ki soke ta ba?"

Muryar Mbarka ta koma ta ƙaramar yarinya. "Gwiwata fa, Mmi?"

"Ƙasa mai tauri kika faɗa a kai, ni mene ne nawa? Haushi na ji, ƙwarai kuwa, amma bakina bai taɓa fitar da mugun abu a kanki ba. Wadda ta tsine wa ƙafa ce za ta zauna tana shafa mata mai?"

"To don me ba ki taɓa gaya mini ba? Duk unguwa tana cewa..."

"Unguwa ce ta haife ki? Uwa ce za ta riƙa bin 'ya da albarka a faranti kamar mai talla? Roƙa ake yi. Ba ki roƙa ba."

Na dubi wannan na dubi waccan, kai ɗaya ne aka raba biyu, kuma dutse ne. Rabin rayuwa suna cin abinci a kwano ɗaya, ɗaya tana jira a tambaye ta, ɗaya tana tsoron tambaya. Na so in zage su duka, hawaye ya riga ni.

Mbarka ta goge hannu a zane. Ta ce, "Wi'am, zo nan." Yarinyar ta durƙusa, babban hannun nan mai tabon almakashi ya rufe mata kai gaba ɗaya.

"Na yarda. Allah ya yarda da ke, ya tsare ki, ya dawo mini da ke da ƙafafunki. In kin yi tsalle ki diro da ƙafa biyu. Kuma kar ki tsaya wa golarku a gaba, ba mu son haka."

Wi'am ta sumbaci hannun tana kuka tana dariya. Na ɗauka an gama, har na miƙa hannu akushi. Sai na ga Mbarka ta ture tebur gefe, ta dafa bango, ta fara sauka a hankali. Gwiwar nan da ba ta taɓa ƙasa ba tun kafin a haifi Wi'am ta yi wata ƙara, zufa ta keto mata, amma ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙasa a gaban tsohuwar.

"Mmi, an kira ni Rabat. Zan je in tsaya wa ƙasa a raga. Ki sa mini albarka."

Lalla Rkiya ta lalubo kan da hannu biyu, ta ture ɗankwalin, ta shafa furfurar. Ta daɗe tana shafawa.

"Je ki, 'yata. Na yarda. Allah ya yarda da ke. Kar ki bari a ci mu."

Mu biyu muka ɗaga ta, ni da Wi'am, da ƙyar. Ranar Lahadi da safe na raka Mbarka da Wi'am tasha, kujera biyu suka kama a motar Rabat, kuma Mbarka ce a bakin taga.