Ƙwaryar Wankan Mma

Har yau in na ji ƙanshin kafur, sai in ga kaina a gidanmu na Salaga, ina 'yar shekara takwas, ina zagayawa ta bayan turken awaki don kada in bi ta ƙofar ɗakin Mma.

Mma ita ce mahaifiyata. Ta rasu a farkon damina, bayan jinyar kwana huɗu. A ɗakinta aka yi mata wanka da ruwan kafur da ganyen magarya, ni kuma da rawar kaina na leƙa ta ƙasan labule. Ban ga fuskarta ba. Hannun wata tsohuwa na gani da ƙwarya, tana zuba ruwa. Da aka kai ta, matan gida suka yi yadda suka gada: suka kife ƙwaryar a tsakar ɗaki, suka ja ƙofa, suka ce ba mai taɓa ta sai ranar arba'in a jefar. Suka ɓoye zannuwan Mma, suka daina ambatonta in ina kusa. Su tausayina suke ji. Ni kuwa sai na ɗauka abin da manya ke ɓoyewa haka, lallai mugun abu ne.

Daga nan na daina ci da sha a ƙwarya, kowace iri. Ku tuna a lokacin koko da fura da ruwan randa duk a ƙwarya ake shan su. Na rame har ƙasusuwan wuyana suka fito. Aka yo mini rubutu, aka kawo shi a ƙwarya, na kurma ihu na gudu.

Ranar arba'in goggona, yayar Baba, ta zo daga Yendi. Ba muguwa ba ce, amma in ta yanke magana ta yanku. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da ni za ta koma, in na bar gidan zan manta. Wato in bar Baba, in bar ƙanena da ko yaye shi ba a gama yi ba. Ba na son tafiya, kuma ba na iya zama.

Sai kakana na wajen uba ya yi gyaran murya daga kan buzunsa. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama, kuma ba ya kirana sai da "amarya", irin tsokanar kaka da jika. Ya ce, "Ba mai ɗauke mini amarya sai sabuwar doya ta shigo kasuwa. In ta shigo yarinyar ba ta warke ba, ni zan sa ta a lori. Ƙwaryar kuma a bar ta inda take."

Washegari da hantsi ya ja ni tsakar gida, ya zana layi a ƙasa da sandarsa, taku goma sha biyu daga ɗakin Mma. Ya tura ƙofar ta buɗe. Ya zaunar da ni a kan layin, ya zauna kusa da ni. Ya ce in kalli ƙwaryar, in bi numfashina, shigarsa da fitarsa. Ya tambaye ni a ina tsoron yake zaune. Na ce a cikina. Ya ce, "To, ba shi tabarma ya zauna. Baƙo ne, kada ki kore shi."

A zaman nan ne ya ba ni labarin inda ya samo abin. Da yaƙi ya ƙare, an sauke su a ƙasar Indiya suna jiran jirgin ruwa. Ya ga gawa har abinci ya daina wuce masa maƙogwaro. A bakin wani kogi inda mutanen can ke ƙona matattunsu, ya ga wani tsoho zaune cikin toka, yana shan ruwa a ƙoƙon kan mutum, hankalinsa kwance kamar mai shan iska a ƙofar gida. Wani direba Ba'indiye ya yi musu tafinta. Ya ce hanyar tsohon sunanta Tantara. A wajensu, duk abin da kake gudu shi ne ubangidanka, kuma abin da ya ɗaure ka da shi za ka kwance kanka. Kuɓuta ba sai an mutu ba, a nan ake samunta, da wannan jikin mai yunwa da tsoro. Ci gaba kuma ba a auna shi da yawan abin da ka haddace, sai da abin da ka iya zama kusa da shi yau, wanda jiya ba ka iya ba.

Kullum da hantsi layin yana matsawa taku ɗaya, wani lokaci rabin taku. Ran nan iskar hadari ta buga ƙofar, na tashi a guje har cikin awaki. Kashegari na tarar kakana ya mayar da layin baya taku uku, bai ce mini komai ba sai, "Amarya, awakin suna gaishe ki." Na yi dariya, karo na farko tun rasuwar Mma.

Labari ya kai Yendi cewa tsoho yana koya wa yarinya tsafin Indiyawa. Goggo ba ta jira doya ba, ta faɗo gidan da safe, mayafi a kafaɗa. Ta ce wa kakana, "Baba, jikar Musulmi za ka zaunar gaban ƙwarya kamar mai bauta?" Ya ce, "Na taɓa fashin salla kin gani? Addinin tsohon Ba'indiyen yana can bakin kogi. Numfashi kuwa na Allah ne." Ta ce ita dai da ni za ta tafi da la'asar.

A ranar layina yana bakin dokin ƙofa. Na ji ana ɗaure kayana a zane. Na ji ƙanena yana kuka. Tsoron yana nan a cikina, bai je ko'ina ba, sai dai mun saba. Na tashi da shi na shiga ɗakin. Ƙanshin kafur ya tare ni. Na durƙusa na buɗe ƙwaryar. Ba komai a ƙarƙashinta sai gizo-gizo da busasshen ganyen magarya guda biyu. Sai na gane ta: ƙwaryar da Mma ke dama mana koko ce, ga ɗinkin da ta yi mata a baki.

Na fito da ita a hannu, na wanke ta tas a bakin randa, na ɗebi ruwa na sha har yana zuba a ƙirjina. Maƙwabciyarmu Bagwanjiya ta saki tsintsiya ta rangaɗa guɗa, tana cewa da gwamutsattsiyar Hausarta, "Yarinyan nan ya sha! Wallahi ya sha!" Kakana ya miƙe, ya ƙame, ya sara mini irin ta soja. Goggo ta zauna a kan turmi tana kuka, ni kuma ina neman tuwo. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, har ranar aurena. Da la'asar lori ya tafi Yendi da goggo ita kaɗai.

Yanzu a Bawku nake, da jikokina. In mace ta rasu a unguwarmu, ni ake bugo wa waya in je wanka. Zamani ya canza: bokitin roba ake amfani da shi, gawa tana kwana a firjin asibiti, yara kuma a tura su gidan maƙwabta da waya a hannu don kada su ga komai. Ɗana ya taɓa bincika Tantara a wayarsa, ya ce maganar tana da yawa, wata ma ba ta faɗuwa gaban uwa. Na ce ya riƙe, ni taku goma sha biyun nan sun ishe ni.

Bara aka kira ni daga Yendi. Goggo ta cika, ta kusa ɗari. Sun ce ta bar wasiyya: kada kowa ya taɓa ta sai ni. Na sa ƙwaryar Mma a jaka, na shiga mota da ƙafata.