Ƙararrawar Malama Rifkatu

Asabar ce, lokacin girbin masara. Matata Rifkatu ta tashi biyar da rabi, ta yi addu'a, ta dama koko. Ina jin ta tana rera waƙar da za ta koya wa matan zumunta a cocinmu na Baptis washegari. Ta ce, "Baban Saratu, koko na hucewa." Na ce gwiwa ta hana ni tashi. Ta kawo mini har ɗaki.

Shekara talatin da ɗaya tana koyarwa a firamaren ƙauyenmu, a gindin duwatsun Doguwa. Ni direban babbar mota ne, na yi Garwa, na yi Kumasi, na yi Injamena. Ita ta raini 'ya'yanmu huɗu ina kan hanya. A can na ga makarantu masu ƙararrawar tagulla. Tata kuwa ƙarfen ƙafar tsohuwar motata ne, ni na rataya mata shi a jikin ɗorawa. Dokarta ɗaya: duk yaron da ya ji ƙararrawa, ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo. Ɗan liman da ɗan fasto duk sun san haka.

Bakwai da kwata ta tafi makaranta ɗauko takardun jarrabawa. Makarantar tana kan tudu, daga nan ana hango hanyar daji. Ita ta fara ganin baburan 'yan bindiga.

Bakwai da rabi na ji ƙararrawa. Ba bugun da na sani ba ne. Da sauri take buga ta, babu tsayawa, don gari ya gudu. Manya sun gane. Yara ba su gane ba. Suna gona, suna rafi, inda ba mai ganinsu. Suka ajiye masara, suka ajiye bokiti, suka nufi makaranta a guje. Ta kan danga na gan su suna wucewa. Na ƙwala musu kira, ba wanda ya waiwayo.

Ƙararrawa ta yi shiru. Sai harbin farko, ta wajen kasuwa.

'Yan bindigar suna ihu: "Kowa ya fito! Ku kwanta!"

Maƙwabcina Malam Haruna ya tsallako danga ya ciccibe ni. 'Yarmu Saratu ta goya jaririnta ta biyo mu. Na ce a kai ni makaranta. Sai ya ja ni cikin gonar dawa. Ina jin Fulatanci, Faransanci da Yarabanci. Na wuce shingen sojoji a ƙasa uku da bakina kawai. Ran nan ban sami wanda zan yi wa magana ba.

Takwas saura muna kwance a kwari, hayaƙi ya rufe rumbuna. Daga kan tudu na ji muryar Rifkatu, irin wadda take tara yara da ita da safe.

"Layi ɗaya! Ta bayan aji! Kada wanda ya waiwayo!"

Aka jima. Harbi biyu daga wajen makarantar. Saratu ta toshe bakinta da gefen zani.

Muka bi cikin dawa har azahar, Malam Haruna yana riƙe da ni. Muka fito wani ƙauye a bakin titi. Mata na zagawa suna kiran sunayen 'ya'yansu. Da la'asar yaran suka ɓullo daga daji, layi ɗaya, ƙanana gaba, manya baya, yadda ta koya musu. Su ashirin da uku. Babbarsu, Hajara, ta durƙusa gabana ta ce, "Baba, Malama ta ce mu tafi, ita za ta tsaya ta jira makararru."

Motar itace ta kai mu Tudun Wada. A rana ta uku muka koma. A gindin ɗorawa muka same ta, sandar ƙararrawa kusa da hannunta. Malam Haruna da fasto suka haƙa kabarin. Mutum bakwai muka binne ranar. Babu yaro a ciki.

Yanzu ina Kiru wajen ɗanmu. Akwai firamare bayan gidan. Bakwai da rabi suke buga tasu ƙararrawar, yara su yi ta wucewa a guje. Nakan zauna ina kallonsu har na ƙarshe ya shiga.