Turaren Juma'a a bakin tafki

Ina cikin nuna wa matata tsohuwar hanyar da fatake suke bi su shayar da jakunansu a bakin tafki, can wajen Dungu, sai na ji ƙugi bisa kaina.

Ashe amya ce rataye a gabaruwa. Ni kuwa na sha turaren Juma'a har hula.

"Malam, kada ka motsa," ta ce, tana ja da baya. "Zuma sun sauka a wuyanka."

"To ke ina za ki?"

"In suka harbe mu duka, wa zai kai ka likita?"

Na ƙame, ko numfashi sai na sata, har suka gane ba fure ba ne suka tashi.

Ita kuwa tuni ta kai gonar albasa. Jama'a, tausayi ne wannan ko gudu?