Wurin da Iya Ta Bar wa Ummi

Ina kan keken ɗinki ina haɗa wuyan wata rigar Sallah, azumi na da ashirin da bakwai, Kawu Sale ya kira ni daga ƙauyenmu na bayan Ɗanbatta. Ya ce, "Habu, sai haƙuri. Iya ta cika bayan azahar." Na ɗauke ƙafata daga kan keken. Wadda ta fara faɗo mini a rai ita ce 'yata Ummi. Sallah uku ke nan Iya tana aike a kai mata ita ta sa hannu a bango.

Iya ita ta haifi babana. Duk jikan da ya kai shekara uku, ranar jajibere sai ta kwaɓa jar ƙasa da ruwan makuba, ta tsoma tafinsa a ciki, ta manna a bangon ɗakinta. Mu da muka wuce wannan, sakaina take ba mu da gashin kaza, ga farar ƙasa, ga shuni, mu yi ta zanen kaji da jakuna. Makubar kuwa tun goman ƙarshe take dafa ta da ɓawon ɗorawa bayan an sha ruwa, mu kuma mu kewaye murhu.

"Ku matso, ga ta nan tafe," haka take fara tatsuniya, sai ta dube ni. "Kai maigidana, janye ƙafarka daga wuta. In ka ƙone wa zai yi mini cefane?"

Akwai wadda take yi mana kowace shekara. Wai a da duk halittu launinsu ɗaya, ruwan toka. Sai wata tsohuwa ta dama launuka, ta ce kowa ya zo a yi masa adon Sallah. Zabuwa ta zo aka ɗiɗɗiga mata fari. Hankaka ya zo aka shafa masa a ƙirji. Ƙadangare yana kan katanga, duk sanda ta kira shi sai ya gyaɗa kai, wai yana zuwa. Ranar da ya sauko, tsohuwa ta bar garin, saura ɗan ja a gindin tukunya. Ya cusa kai, iyakar rabonsa ke nan. Shi ya sa kansa kaɗai ne ja, kuma har yau yana gyaɗa shi.

Mukan kwanta rub da ciki muna kwaikwayonsa, Iya tana dariya har da tari. Ƙadangaren muke yi wa dariya. Ban taɓa tunanin tsohuwar ba, wadda kullum take rufe tukunya don kada jan ya bushe. Sai yanzu ita kaɗai nake gani a cikin labarin.

Ni tela ne a Kano, kuma jajibere rana ce da tela ba ya ɗaga kai. Na sha roƙon Iya mu zo bayan Sallah, ta ƙi. Ta ce na bayan Sallah ɓata bango ne kawai. A wayarmu ta ƙarshe ta ce, "Maigidana, hannun yarinya girma yake yi. Wurin da na bar mata ba ya girma." Na ce in sha Allahu bana.

Na samu jana'iza. Ranar jajibere na bar wa abokin aikina sauran ɗinkin, na koma da Ummi. Makuba tana nan a tukunya, Iya ta dafa, ta rufe da faifai. A bango, ƙarƙashin nawa hannun na da, ta zagaye wani ɗan fili da gawayi.

Na kwaɓa ƙasar yadda na iya tunawa, na durƙusa na ce, "Kawo hannunki, Ummi."

Ta dubi ɗakin, ta dubi kwanon, ta mayar da hannayenta baya.

"Abba, ɗakin waye wannan? Zai ɓata mini lalle."

Ban matsa mata ba. Muka dawo Kano, wurin nan babu hannu.