Kawunan Raguna a Gidana

Jama'a, yau gidana ya koma mahauta!

Bara na yabi farfesun kan rago a gidan Goggo Habi. Yabo kawai fa! Ashe ta baza wa dangi labari.

Tun safe 'yan zem, wato 'yan acaɓa, ke tsayar da babur a ƙofarmu. Kai daga Goggo, kai daga dangin unguwar Zogbo, kai daga ƙawata ta Saint-Michel. Kafin azahar sun zama bakwai! Ga firigon sanyaya nama ya lalace, ga hayaƙin babbaka ya cinye min ido.

Na kira ta: "Goggo, wallahi sun yi yawa."

Ta ce, "Haba 'yata, ana raina kyautar Sallah?"

Na zauna ke nan, maigida ya shigo da leda a hannu yana murmushi: "Maman Zainab, canki abin da na kawo miki!"

Ƙaho yana leƙowa daga ledar.